Daga Fijo zuwa 'Yar Gida: Yadda Cinikin Motar Hannu Ya Sauya a Arewa

Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu, irin wanda Turawan Ingila suka bar mata, ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru. Waɗanda suka yanke shawarar ba cinikin tsohuwar mota ne a ransu ba, amma tun daga ranar aka tsaida wa kasuwarmu inda za ta riƙa ɗebo kaya. Motar da ke yawo a Ingila da Japan sitiyarinta a dama yake, ba ta dace da titinmu ba. Ta Faransa da Jamus da Beljiyam da Amurka kuwa nata a hagu yake, sai dai a sauke a hau. Shi ya sa mutumin Kenya ko Uganda ke hawa tsohuwar motar da ta fito kai-tsaye daga Japan, mu kuwa ko Toyota za mu saya sai wadda Bature ko Ba'amurke ya gama morewa.

Ni bakanike ne. Na fara da wanke sifana da miƙa wa maigida jak a wani gareji a Kaduna a ƙarshen shekarun 1970, daga baya na dawo Kano na kafa nawa. Yanzu yara ne ke kwance inji, ni kuwa yawancin aikina raka mutane duba mota ne kafin su biya. Malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, ɗan tireda da ya yi shekaru yana tari, duk tambayarsu ɗaya ce: “Baba, wace mota zan saya da ɗan abin da ke hannuna, wadda ba za ta kwantar da ni ba?” Amsar tana cikin tarihin sana'ar nan, domin a gaban idona abin da ake kira motar hannu ya sauya kama ba sau ɗaya ba, kuma kowane zamani ya zo da irin aibin da ake ɓoyewa a cikinsa.

Yaran yanzu ba sa yarda idan na ce musu akwai lokacin da malamin sakandare ke shiga kamfani ya fito da mota sabuwa dal, da leda a kujerunta. An yi wannan zamani. Kuɗin fetur ya shigo bayan 1973, ƙarin albashin Udoji ya iso hannun ma'aikata a 1975 har da ariyas, gwamnati kuma tana ba da rancen mota a riƙa cira a albashi. A shekarar ce kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara fitar da mota, Volkswagen yana haɗa tasa a Legas, daga baya Steyr ya zo Bauchi, Fiat ya zo Kano da manyan motoci. Abin da har yau nake jinjinawa shi ne kayan haɗa Fijo ta sama ake kawo su. Tashar jiragen ruwan Legas ta cushe, jiragen siminti sun yi layi wata da watanni, sai jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga Lyon ta Faransa suna sauka a filin jirgin Kano, a loda akwatuna a wuce da su Kaduna. Sabuwar Fijo 504 ba ta kai naira 10,000 ba, naira kuma ta fi dalar Amurka daraja.

Motar hannu a wancan lokaci tana da asali. Ko ta ma'aikacin da ya gama biyan rance yana son sabuwa, ko ta gwanjon gwamnati da kamfanoni, ko ta malaman Indiya da Pakistan da injiniyoyin Turawa da kwantiraginsu ya ƙare za su koma gida. Kowa a unguwa ya san mai ita, ya san inda take kwana, ya san ranar da ta daki jaki a hanyar Zariya. A aljihun gaba za ka tarar da littafin sabis da hatimin SCOA ko Mandilas. Dillalan mota kuma tsarin da suka tarar a kara da kasuwar dawaki suka ɗauka: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama, a kira shaidu, a cire la'ada. Yadda mai sayen doki ke buɗe masa baki ya duba haƙori, haka maigidana ke cire fulogi ya ƙura masa ido. In ya fito ƙasa-ƙasa a bushe, inji lafiya lau. In ya fito baƙi yana naso, sai ya mayar, ya goge hannu da tsumma, ya ce wa mai saye, “Alhaji, mu ƙara gaba.” Akwai kuma abin da mutane suka taso da shi daga karatun zaure: littafin Risala ya hana ɓoye aibin kaya, ya ba mai saye damar mayarwa idan aibin ya bayyana. Na ga an mayar da mota bayan ciniki ya faɗa, dillalin da ƙafarsa ya je ya karɓo kuɗin, don ba ya son sunansa ya ɓaci a gari.

Ita kanta 504 ba ta iya ɓoye ciwo. Kafireto ne da ita, wayoyinta ƙidayayyu, duk abin da ke damunta za ka ji shi da kunne ko ka gan shi da ido. Bakaniken Ɗambatta da na Argungu duk sun san cikinta, kayanta kuma har a kasuwar ƙauye. Doguwarta ta riƙe tashoshin Kano zuwa Maiduguri da Kaduna zuwa Sakkwato, 404 akori-kura ta riƙe kasuwannin mako.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, a 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka saki naira ta yi ta gangarawa. Kamfanonin haɗa mota kusan komai daga waje suke sayowa, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a kan farashin mota take sauka, albashi kuwa bai bi ba. Masana'antun suka yi sanyi ɗaya bayan ɗaya. Na Kaduna ya jure, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, amma gwamnati da manyan kamfanoni ne masu saye. Ma'aikacin da ya saba da mota ba zai koma keke ba. Sai kasuwa ta nemo masa wata ƙofa.

Ƙofar tana Brussels, babban birnin Beljiyam, a unguwar Heyvaert kusa da mayankar garin. Nan 'yan kasuwa, da yawansu Kwarori 'yan Labanan, suka mayar da manyan ɗakunan ajiya wurin tara tsofaffin motoci daga Jamus da Holan da Faransa. A Jamus duk shekara biyu sai an kai mota gwajin lafiya, kuɗin aikin bakanike kuma tsada gare shi, saboda haka motar da ta shekara goma sha wani abu gara mai ita ya rabu da ita da ya gyara. Abin da Bature ke ganin ya gama aiki, a wurinmu yanzu ya fara. A cika motar da firiji da talabijin da katifu da tayoyi, a kulle, a kai tashar Antwerp, a tuƙa ta cikin jirgin ruwa. Mutanen Legas suka kira ta tokumbo, mu muka ce Beljiyam ko 'yar Kwatano.

Kwatano ce ta ci kasuwar, don tasharta ta fi ta Legas sauƙin fito da sauri, Jamhuriyar Benin kuma ta mayar da wucewar kaya ta ƙasarta babbar hanyar samun kuɗin shiga. Lokacin da harkar ta kai ƙololuwa, motoci sama da 200,000 ake saukewa a shekara, mafi yawansu Najeriya suka nufa. A shekarun 1990 da farkon 2000 alhazai kan ɗauke ni in duba musu kaya. Mu sauka a unguwar Zango ta Kwatano, mu canza naira zuwa sefa, mu yi ta lissafi da jika, da safe mu nufi filayen motoci da ke bakin hanyar Seme. Fili ne na yashi iya ganinka, motoci jere ƙofa na taɓa ƙofa, iskar teku tana kaɗa gishiri. 'Yan kamasho, Zabarmawa da Hausawan Nijar da mutanen gari, su yanyame ka tun daga bakin ƙofa. Ba a barin ka fita gwaji da mota. A kawo batir a hannu, a ɗiga ɗan fetur, a tayar, ka saurara na ɗan lokaci, shi ke nan. A nan kunnen bakanike ya zama jari. Nakan ɗora sukuddireba a kan inji in kara kunnena a ƙotarta, in sa yaro ya taka totur ya saki, ni kuwa ina kallon bakin salansa.

A takarda, yawancin motocin Nijar za su. Kowa ya san Nijar ba za ta iya shanye su ba, ita dai tana karɓar kuɗin wucewa. A haɗa ayari, a kama hanyar Paraku, a yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Malanbil, a haye gadar kogin Kwara a shiga Gaya, a bi Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Konni ko Maraɗi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai son kwanciyar hankali ya shiga ta Illela, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya biya kuɗin fito ya karɓi takardarsa. Mai neman riba da yawa ya ba 'yan fito, su bi daji da dare, fitila a kashe, a guje, ta cikin gonaki da ƙoramu. Wannan hanya ta ci rayuka. Na san samari masu ƙarfi da basira da suka tafi ɗauko mota aka dawo da gawarsu, kuɗin da aka yi musu alkawari bai kai na tayoyin motar ba. Har yau idan na ji ana yabon arahar motar fasa-ƙwauri, su nake tunawa. Motar ma ba ta tsira. Wadda ta shekara goma sha biyu a titin Jamus ba ta san rami ba, a dare ɗaya sai ta bugi dutse da tukunyar baƙin mai, ƙafafunta su karkace. Tun daga lokacin na daina duba mota daga sama. Tabarma nake shimfiɗawa in shiga ƙarƙashi tukuna.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, Beljiyam ta farko mota ce mai amana. An yi mata sabis a kan kari, an zuba mata mai mai kyau. Aibinta biyu ne sanannu. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa, sai ka ga jiki yana sheƙi, ka danna ƙarƙashin ƙofa da yatsa ya burma. Na biyu, da yawansu ba su zo da na'urar sanyi ba, don ƙasarsu ba ta buƙata. A nan ake ɗora musu, a ƙara wa inji nauyin da lagiretonsa bai shirya ɗauka ba, sai zafi. Daga nan wata al'ada ta samo tushe a garejinmu: mota na isowa a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye ta yi ta juyawa. A tsohuwar mai kafireto ana iya sha. A motar zamani mai ƙwaƙwalwa kuwa cuta ce, don injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai ya yi ta zuƙar fetur yana cin kansa. Ina roƙon 'yan'uwana makanikai su bar wannan ɗabi'a.

Babban abin da Beljiyam ta gina shi ne kasuwar kayan gyara. Ba motoci kaɗai jirgi ke kawowa ba, har da injina da giyabos da rabin mota da aka yanka gida biyu. Ladipo a Legas ta cika ta batse, 'yan kasuwar Ibo suka rarraba kayan zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, yaranmu suka koyi harkar suka buɗe nasu shaguna. Kaya ya kasu: ga sabo na kamfani mai tsada, ga na Beljiyam da aka ciro daga jikin wata motar, ga jabu mai kyan kwali. Kuma kasuwar nan ce, ba talla ba, ta zaɓi motocin da za su rayu a Arewa. Starlet da Carina da Corolla da ake kira First Lady, Marsandi 190, Honda Hala, Opel Vectra, duk sun yi zamaninsu. Golf 3 an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, amma je ka hanyoyin ƙauyukan Katsina da Zamfara da Borno ka ga abin da take ɗauka, but a buɗe an ɗaure da igiya. Sharan ta gaji doguwar Fijo a tasha. Direban haya ba ya sayen mota don kyau. Ya san duk kwanan da ta yi a gareji gidansa ba a ɗora tukunya ba, saboda haka wadda ya zaɓa ita ce wadda kayanta ke kowane lungu, bakaniken kowane gari kuma ya iya ta. A gefe guda, kowane gareji yana da motar da ta shekara a gindin bishiya, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ciki. Kyakkyawa ce, an same ta da araha, wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba ya lalace, aka nema har Legas aka rasa. Wanda ya saye ta ya biya kuɗi kaɗan ranar farko, ya yi asarar duka daga baya.

Daga tsakiyar shekarun 2000 ido ya koma Amurka. Intanet ta buɗe gwanjon motocin kamfanonin inshora a wurare irin su Copart da IAA, mutum yana zaune a Kano yana taya mota a Texas. Camry da Accord da Corolla masu giyar otomatik da sanyin kamfani suka cika gari. Mutanen Kano suka gano Pontiac Vibe, wadda aka ƙera a California da injin Corolla, 'yar'uwar Toyota Matrix ce, sunan ne kawai daban. Duk da an rufe Pontiac a 2010, kayanta ba su yanke ba. Wannan wayo ne mai kyau. Sai dai abin da ke kai mota irin wannan gwanjo, galibi, hatsari ne ko ambaliya ko gobara: inshora ta lissafa ta ga gyara ya fi ƙarfin darajar motar, ta biya mai ita, ta sayar da gawar. Tsufa ne ya kawo mana Beljiyam, ta Amurka kuwa sau da yawa rauni ne ya kawo ta. Aikin mai gyaran jiki da mai fenti ya bunƙasa, wasunsu gwanaye ne na gaske, kuma motar da aka buga a gefe aka gyara da gaskiya ba laifi ba ce in an faɗa wa mai saye. Laifin shi ne a ja shasin da ya lanƙwashe da sarƙa, a ɗinke jakar iskar da ta fashe a bar ta fanko, a kashe fitilar da za ta tona asiri, a mayar da mitar tafiya baya.

Ta ruwa ta fi kowacce mugunta. Bayan guguwar Harvey ta 2017, wadda ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, irinsu suka yi yawa a kasuwa. A wannan tsakanin na raka wata ma'aikaciyar jinya da yayanta wani wurin sayar da motoci. Mota ce fara tas, an fesa mata turare har yana hawa kai. Yaron wurin yana ta rantsuwa: “Baba, wallahi ko fenti ba a taɓa mata ba.” Gaskiya ya faɗa, fentinta na kamfani ne. Na jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga layin datti a tsakiyarsa, sama fes, ƙasa dafe. Na tura kujera baya, kusoshin dogonta duk sun yi tsatsa. Na ɗaga kafet ɗin but, na sa yatsa a ramin safaya, ya fito da busasshen laka mai laushi. Na ce, “Hajiya, wannan ta kwana a ruwa har wuya.” Ta ce, “To Baba, ai ga shi tana tashi lafiya.” Na ce mata za ta tashi yau, ta tashi gobe, amma ruwa ya shiga kowane soket na waya, tsatsa tana ci a hankali, wata uku gilashi ya ƙi sauka, wata shida giya ta rikice, daga nan ƙwaƙwalwa. Yayanta ya sa lambar shasi, mai harufa da lambobi 17 ɗin nan da ke gindin gilashin gaba, a wayarsa. Hotonta ya fito a filin gwanjo, da laka har kan sitiyari. Mai wurin ya san abin da ya sayo. Ita ce ba a so ta sani.

Gwamnati kuwa ta yi ta buɗe ƙofa tana rufewa. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, aka yi ta sauya iyakar daga baya. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin farfaɗo da haɗa motoci a gida, harajin sabuwar mota ya kai kashi 70 cikin 100, na tsohuwa ma ya tashi. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har Disamban 2020, a 2022 kwastan suka koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi. Niyyar a ƙera mota a gida niyya ce mai kyau, ni da na ga Kakuri tana aiki na fi kowa so. Amma an toshe wa talaka hanya ba a ba shi wata ba: babu sabuwar motar da albashinsa zai saya, babu rancen da zai ɗauka. Abin da ya ƙaru shi ne takardun jabu. Mutum ya sayi mota da guminsa, a tare shi a hanyar Abuja, a duba a ga takardar fiton da dillali ya ba shi ta bogi ce, motar ta tafi, dillalin ya kashe waya.

Sai 2023. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, gadar Malanbil da Gaya ta rufe. Tokumbo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kamar yadda sabuwa ta fi ƙarfin ubansa bayan 1986. Masu fulogi shida suka fito da motocinsu kasuwa saboda shan mai. Yau mai ƙaramin ƙarfi 'yar gida yake saya, wato wadda wani ya shigo da ita shekaru goma da suka wuce, ta bi hannu biyu ko uku a nan. Ta wani ɓangare mun koma inda muka faro, motar da ake iya bin asalinta a cikin gari. Bambancin shi ne wannan tana iya haɗa aibin kowane zamani a jiki ɗaya: tsatsar Turai, raunin Amurka, dukan daji, da hannun bakaniken da ya yi ta yanke waya yana ɗaurewa da leda.

Ga abin da nake faɗa wa masu zuwa wurina. Kafin ka je wurin mai mota, je tasha ka ga abin da direbobi ke hawa, ka wuce Ƙofar Ruwa ko Fanteka ka tambayi kuɗin inji da giyabos da shokozoba na motar da ranka ke so. In an yi ta tura ka daga shago zuwa shago, ka haƙura da ita. Fulogi huɗu ya ishe ka. Corolla ko Vibe ko Golf mai tsufa da aka riƙe da kyau ta fi babbar mota mai sheƙi da aka karya wa farashi, kuma giyar hannu ta fi sauƙin gyara ga wanda zai iya taka kuloci. Kada ka zuba duk kuɗinka a ciniki. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar, don babu 'yar gidan da ba za ta nemi taya ko batir ko gyaran ƙafa a watan farko ba. In ka samu ta mutumin da ka sani, wanda za ka iya zuwa wurin bakanikensa ka yi tambaya, ta fi ta bakin titi ko da ta ɗan fi tsada.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka taɓa inji ka tabbata da sanyinsa, don wanda aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun gaban direba su kama duka, in ta tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi. Hayaƙi shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya yankewa gaskit ne. Buɗe murfin mai ka duba ko ruwa ya gauraya. Bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike da fila. A shiga ƙarƙashi a duba shasi da tsatsa, a ga ko an fafe tukunyar tace hayaƙi an sayar. A sa mata kwamfuta, a fita da ita titi mai rami da mai santsi, a ji yadda giya ke shiga. Sannan takardu: a kai lambar takardar fito ofishin kwastan a tantance, sunan da ke takardun ya dace da mai sayarwa ko a ga takardar cinikin da ta kawo ta hannunsa, lambar shasi ta jiki ta zama ita ce ta takarda. A rubuta yarjejeniya da shaidu, kamar yadda iyayenmu ke yi.

Bakaniken da zai raka ka kuma ya zama naka, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka gaya masa a gaban kowa cewa ba ka yarda ya karɓi ko sisi daga ɗaya ɓangaren ba. Idan mai mota ya ƙi a kai ta gareji a ɗaga, ko ya ce ka yi sauri wani Alhaji yana hanya da kuɗi, ka yi masa sallama ka riƙe kuɗinka.